Ranar Da Aka Ce In Yi Rarrafe

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma maganar injin babur ɗina da ya buga a shekarar da sojoji suka koma bariki, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Ni gurgu ne. Shan inna ta shanye mini ƙafafu tun ina ƙarami, don haka ban san wata tafiya ba sai ta hannu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, baduku ne, kuma tun kafin in yi wayo ya zaunar da ni a gefensa ya koya mini aikin fata. Da na girma sai na gaji zaurensa a Yakasai, ina ɗinka takalma da jakunkuna. Abin da ya buɗe mini duniya shi ne wani tsohon babur da na saya a hannun maƙwabcinmu. Mai walda ya ƙara masa ƙafa a baya ya zama mai ƙafa uku, ya mayar da giya da birki zuwa hannu, ya laƙa wa kiki wani dogon ƙarfe da nake dannawa in tayar da shi. Da shi nake zuwa sayen fata, da shi nake kai wa masu shaguna kaya, da shi nake kai mai ɗakina awo asibiti, don a lokacin tana da cikinmu na fari. Wanda yake da ƙafa ba zai gane ba. Babur ɗin nan shi ne ƙafata.

Wata rana da hantsi ina dawowa ta wajen Ƙofar Dawanau sai na ji injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, hayaƙi ya turnuƙe, ya tsaya cik a tsakiyar titi. Ashe baƙin mai ne ya tsiyaye ta ƙasa ban sani ba. Wasu bayin Allah suka tura ni gefe, aka samo mai kura ya ɗora babur ɗin, ni ma na hau kusa da shi, aka kai mu wajen bakanikena. Wani dattijo ne da kakanninsa suka zo daga Barno, kowa Baba yake ce masa, garejinsa a gindin wata bishiya a jikin ganuwa. Ya kwance injin, ya daɗe yana juya ƙarafan a hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, injin nan ya buga. Fistin ya kama, silinda ta karce, sandar da ke juya shi ta lanƙwashe. Ko dai ka sayi sabon inji, ko ka kira 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗauke shi." Da ya faɗi kuɗin sabon inji dariya kawai na yi, don ko zauren nawa kaf na sayar da abin da ke ciki ba zai kai ba.

Na koma gida na zauna. Masu shaguna suka fara ba wa wasu aiki, don ba mai jiran wanda ba zai kawo kaya a kan lokaci ba. Duk inda zan je sai na roƙi wani ya ɗauke ni, abin da na daɗe da mantawa. Mai ɗakina kuwa ciki ya yi nauyi, ranar awo sai dai ta taka har bakin titi.

Ana cikin haka sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shigo da fara'arsa. Lokacin siyasa ta dawo da zafinta, ko'ina fasta, ko'ina alkawari. Ya ce wani Alhaji da ya ci zaɓe a yankinmu zai raba wa naƙasassu kaya, har da sababbin babura masu ƙafa uku 'yan kaɗan, kuma ya yi ta zirga-zirga har ya samar mini guda. Wallahi na yi murna. Ban ga aibun abin ba, tunda an ce mulki ya dawo hannun jama'a, ni ma ai jama'a ne.

Ranar rabon na yi wanka, na sa kaftanina mai kyau wanda mai ɗakina ta goge mini, na kafa hula. A filin wata makarantar firamare aka yi taron, an kafa rumfuna, maroƙa suna ta aikinsu, ga baburan can a jere suna ƙyalli, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Idona ya kasa barin su. Sai wani yaron Alhajin, mai baƙin tabarau, ya zo yana tsara mu. Da ya iso kaina ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wajen kawuna ya ce, "Malam, wannan ai bai yi kama da mabuƙaci ba. A cire masa hular nan da rigar, ya zauna da singileti." Sannan ya sunkuyo ya yi mini bayani kamar yana magana da ƙaramin yaro. Idan mai ɗaukar hoto na talabijin ya ba da alama, zan taso daga can bakin ƙofa da rarrafe, a hankali, har gaban Alhaji, in kama ƙafarsa. "In ka iya kuka ma ka yi," in ji shi, "ya fi shiga jiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, babur ɗin na kuka ne ko na hawa?"

Ya ce, "Kai, ba kullum da rarrafe kake tafiya ba? Yau ne za ka ji kunya?"

Kawuna ya matse mini kafaɗa yana raɗa mini, "Ka yi haƙuri, ɗan lokaci ne kaɗan, ka tuna da iyalinka." Na tuna da su kuwa. Na tuna watarana abin da ke cikin nan zai girma, wani ya ce masa ya taɓa ganin ubansa a talabijin ba riga yana kama ƙafar mutum. Na ce wa mai tabarau, "Gaskiya ne, da hannu nake tafiya, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Amma inda na ga dama nake zuwa. Ku riƙe babur ɗinku." Na gyara hulata, na sa hannuwana a ƙasa, na ratsa tsakiyar filin nan a gaban kowa, na nufi ƙofa. Rarrafen da suke so sun gan shi, sai dai ƙeyata suka kalla.

Har yau ban zargi waɗanda suka tsaya suka karɓa ba. Kowa ya san abin da ya baro a gida. Ni dai na san in na hau babur ɗin nan, kullum na tayar da shi sai na ji ƙafar mutumin nan a hannuna.

Kawuna ya yi fushi ƙwarai, ya ce na kunyata shi, ya daina shigowa gidanmu. Mai ɗakina kuwa ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Ka kyauta. Amma ka sani cikin nan ba zai jira zuciyarka ta huce ba. Tunda ka ƙi nasu, sai ka tayar da naka."

Washegari na koma wajen Baba na ce ya ware mini abin da ya mutu da abin da ke da sauran rai. Ya ce in za a samu silinda da fistin da sandar nan daga wani babur da ya yi haɗari, zai gwada, amma bai yi mini alkawari ba. Na shiga bayan a-kori-kura na tafi Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da tsofaffin kayan gyara. Na yi ta yawo cikin baƙin mai da ƙarafa, duk wanda na taya wa kaya sai ya yi mini kallon mai wasa. Can na hango wani shago da aka jibge kujerun babura yagaggu a bayansa, soso duk a waje. Na tambayi mai shagon me yake yi da su, ya ce ba mai saye. Na ce, "Alhaji, ni baduku ne. In rufe maka su su koma kamar sababbi, kai kuma ka ba ni kayan inji." Ya ce in yi guda ya gani. A nan ƙasa na zauna na yi masa. Ya juya ta, ya danna, ya ja ɗinkin da ƙarfi, sannan ya ce an yi ciniki.

Na yi kwanaki ina ɗinkin kujeru har yatsuna suka yi kanta a kan kanta. Da na gama ya ba ni kayan, Baba ya haɗa, gaskit ma, wato abin da ke toshe mahaɗar injin, da kwali muka yanka. Injin ya tashi, na yi kabbara, na zagaya sau ɗaya, sai ya fara tari yana feso mai, ya mutu. Baba ya sake kwancewa ya nuna mini wata siririyar tsaga a jikin silindar. A unguwa har an fara yi mini dariya, ana cewa ga mai girman kai da mushen babur. Mafi ciwo, a tsakanin nan mai ɗakina ta haihu, kuma motar maƙwabci ce ta kai ta asibiti, ni ina zaune a zaure. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Na koma wajen mai shagon da silindar. Ya ce kayan gwangwan ba a mayarwa, kowa ya sani. Na ce, "Kujerun da na yi maka akwai wadda ta yage?" Ya ce babu. Na ce to ni ma ba inda zan je. Na shimfiɗa buhu a ƙofar shagonsa, na fito da kayan aikina na ci gaba da ɗinkin takalma. Duk wanda ya zo sayayya sai ya tambayi abin da ya kawo ni, ni kuma in ɗaga masa silindar in nuna masa tsagar, ba tare da na zagi kowa ba. Kafin la'asar mai shagon ya fito yana dariya yana girgiza kai, ya ce, "Kai dai Allah ya yi maka taurin kai." Ya shiga can ƙuryar shagon ya fito da wata silindar, ya ce in kai wa bakanikena ya duba da kansa.

Da Baba ya gama haɗawa karo na biyu sai ya kai hannu zai tayar. Na ce, "A'a Baba, bar ni." Na hau, na kama ƙarfen nan na danna. Shiru. Na sake dannawa, ya yi atishawa. Na tattara duk haushin da ke cikina na danna, sai ya kama, ya tsaya da ƙararsa daram. Baba ya kara kunne ya saurara, ya ce, "Zai sha mai, zai yi hayaƙi, amma zai kai ka." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ba wanda ya ce in yi.

Ana gobe suna na je da shi na ɗauko ɗan ragon da muka samu, na ɗaure shi a baya, na shigo lungunmu yana ta kuka injin yana ta hayaƙi, yara suna bin mu. Kawuna ya zo sunan, don fushinsa bai kai ya ƙi jikarsa ba. Da aka watse ya tsaya ya daɗe yana kallon babur ɗin, ya ce, "Hayaƙinsa ya yi yawa." Na ce haka ne, Kawu. Sai ya tattare rigarsa ya hau baya ya ce in sauke shi a Dukawuya.

Na yi shekaru ina hawan injin nan, kuma ya sha ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na koya shi ne, ba kowace kyauta ce kyauta ba, wata sayenka ake yi da ita. Idan mutum ya ƙi sayar da kansa, kada ya zaci an gama, a nan aikin yake farawa, don ƙin karɓa ba ya cika tukunya. Sai ka ƙi, sannan ka sunkuya ka yi wahalar da za ta tsaya wa ƙin naka. Abin da ka samu ta wannan hanya, ko yana hayaƙi, ba mai tare ka a hanya ya ce ka sauka nasa ne.