Neman Silon Motar Baba a Sabon Gari

Mun tashi da asuba ranar Talata daga Samaru, ni da wata 'yar ajinmu, a tsohuwar motar Baba. Na zaɓi lokacin ne don hanya ba kowa, saboda motar ba ta jure tsayuwa. Muddin tana gudu lafiyarta ƙalau. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai silo ya rikice, wato jujjuyawar da inji ke yi shi kaɗai idan mota na tsaye. Ya hau kamar za ta tashi sama, ya sauko tana kakkarwa, sai ɗif.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba. Motar ce ke kai Mama asibitin Shika duk Alhamis, don ƙafafunta ba sa iya hawa acaɓa, cunkoson bas kuma ya fi ƙarfinta. Alhamis ɗin da ta wuce motar ta mace mana sau uku a layin shiga asibiti, ana ta danna mana hon. Da yamma Kawu ya ce idan ta sake haka zai kira masu sayen tsofaffin motoci su ɗauke ta, kowa ya huta. Ni ban iya musu da manya ba. Na dai je laburare na aro littafin injin mota, na ware littafin rubutu guda ina rubuta duk abin da motar ta yi da duk abin da na taɓa. Na goge fulogi, na murɗa sukurun silo, ba abin da ya canza.

An kwana ana ruwa, ramukan hanya duk sun cika. A Zango masu shayi sun fara hura wuta. A Palladan layin mai ya miƙe tun kafin gari ya waye, direbobi na barci a kan sitiyari, 'yan bumburutu kuwa sun jera galan a gefe kamar masu jiran gaisuwa. Abokiyar tafiyata ta sauka a Kwangila, za ta hau motar Kano.

"In ta mutu ki yi min filashin," in ji ta tana dariya.

Ban san yadda za ta turo ni daga Kano ba. Daga nan kujerar gefena ta zama fayau har na dawo.

A mashigar jirgin ƙasa dole na rage gudu, nan take ta mutu a kan layin dogo. Wasu maza biyu masu tura kurar ruwa suka ajiye kurarsu suka tura ni. Kafin in juyo in gode musu har sun koma bakin aikinsu.

Sabon Gari da wuri yake farkawa. Shagunan kayan mota a jere, tayoyi da salansa rataye a ƙofa, ana ciniki da Hausa da Ibo da Turancin kasuwa a lokaci guda. Kowace kusurwa da laimar masu kiran waya. A garejin farko makaniken bai ko saurari injin ba. Ya buɗe bonet, ya dubi kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska, ya ɗaga kai.

"Hajiya ƙarama, wannan kafireto ya mutu tun zamanin soja. Sabo za a sa."

Na tambaye shi a hankali, to me ya sa take gudu lafiya a kan hanya? Ya dubi abokansa, suka kwashe da dariya. Na rufe bonet na fita. Wata mata mai gasa masara, da jin Hausarta ka san 'yar kudancin Kaduna ce, ta ga abin da ya faru. Ta sayar min da masara biyu a naira talatin, ta kwatanta min wani dattijo a Chikaji, bayan wani kamfani da ya daina aiki.

Garejinsa rumfar kwano ce a gindin mangwaro. Rediyonsa na waƙoƙin coci da Hausa, can ƙasa-ƙasa. Motoci biyu ne a gabana, ya nuna min benci. Awa uku na yi a kansa. Masu motocin na hirar ƙwallo da tsadar mai, ba wanda ya dube ni, ni ma ban san ta inda ake shiga irin wannan hira ba. Na ci masarata, na karanta littafina har sau biyu. Sai na tuna Baba ya yi shekaru yana zuwa irin waɗannan wurare shi kaɗai, ban taɓa tambayarsa wurin wa yake zuwa ba.

Da layi ya zo kaina dattijon ya ce in tayar da ita, ya tsaya yana saurare, hannuwansa a baya. Sannan ya ga littafin rubutuna a hannuna.

"'Yata, wannan kuma fa? Jarrabawa za ki yi min?"

Na ce masa tarihin ciwon motar ne. Ya goge hannu ya karɓa, ya karanta da tabarau a kan hanci.

"Kin rubuta ranar da abin ya fara. Me aka yi wa motar kafin ranar?"

Na ce ba komai, wanke injin kawai na yi. Taɓon damina ya ɓata shi, na zauna da buroshi da tsumma na tsabtace ko'ina.

Ya ɗauko guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana bin jikin injin da shi sannu a hankali, kamar likita a ƙirjin mara lafiya. A ƙarƙashin kafireto ya tsaya. Ya miƙo min tiyon. Na ji wani siririn tsaki, iska na shiga ta inda bai kamata ba. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan bututun ƙarfe da bai kai kan biro ba. Nan take injin ya lafa. Ya ɗage yatsa, haukan ya dawo.

"Da can akwai abin da ya toshe nan. Ina yake?"

Na tuna wani guntun baƙin tiyo da tsohuwar ƙusa a cikinsa, an naɗe shi da tef. Ba ya haɗe da komai, kuma babu shi a zanen littafin laburare. Na ɗauka shara ce, na zare na jefa a kwandon shara.

"Wanda ya sa shi ya san aikinsa," in ji dattijon. "Wane ne?"

Na ce mahaifina ne, ya rasu. Ya cire tabarau ya ce Allah ya jiƙansa, ya bar ni na gama share fuskata. Sannan ya yanko tiyo, ya zaɓo ƙusa daga cikin gwangwani, ya ce da hannuna zan sa. Na sa. Saura sukurun da na murɗa. Ya ce sai ya bi da kunne kafin ya gano inda yake a da. Na buɗe shafi na huɗu na nuna masa: zagaye biyu da rabi, zuwa dama. Ya yi dariya har da tari.

"Kin ɓata da tsabta, kin gyara da biro. Mayar da shi inda babanki ya bar shi."

A hanyar dawowa cunkoso ya tare ni a Kwangila kusan minti ashirin. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe numfashi. Allurar da ke nuna jujjuyawar inji ba ta motsa ba. Na so in gaya wa wani, na dubi kujerar gefe, ba kowa.

Na iso gida bayan la'asar. Kawu na zaune da Mama a baranda. Na tsayar da motar a gabansu ban kashe ta ba, na fito na durƙusa na gaishe su. Kawu ya zagaya ta sau biyu yana jiran ta mutu. Da ya gaji ya ce, "To, madalla," ya nemi takalmansa.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Ba duk abin da babu shi a littafi ne shara ba. Gidanmu cike yake da irin waɗannan ƙulle-ƙulle na Baba, a famfo, a bayan firij, a sakatar ƙofa, kuma ba wanda zan tambaya dalilinsu. Na daina cire abin da ban gane ba.

Mama ta ce, "Kashe ta haka nan, mai na ƙonewa. Ƙarfe nawa za mu tashi jibi?"

Na ce bakwai.