Kada ki juya wa duwatsu baya

Jiya na hango 'yata tana tonon ruwa a yashin rafi, ta juya wa duwatsun da ke yamma da garinmu baya. Nan take na tuna marigayiya kakata. Ba ta sauka rafin nan sai ta kalli ƙananan duwatsun nan tukuna.

Wata rana muna cika tulu, rana tana dukanmu, ta ga hadari ya rufe kansu. Ta fizgi hannuna. "Ke, bar tulun! Hau gaɓa!"

Muna hawa sai ga jan ruwa daga duwatsun yana ruri, yana juya wata akuya. Ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Shi ya sa jiya na ƙwalla wa 'yata kira. Allah ya jiƙan Kaka, ya koya wa yarinyar nan waiwaye.