Fuskar Iya a Bakin Murhu

Iya, kakata ta wajen uwa, ba ta iya zama ba. Tun asuba take kan ƙafa: ta kwance awaki, ta leƙa maƙwabta ta ji wa ya kwana da zazzaɓi, ta dawo tana faɗa da kaji. A hannunta na tashi, don ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu na wajen Kazaure da an yaye ɗan fari ake miƙa shi gidan kaka. Ita ta laƙaba mini "angon ƙarya", wai miji ne ni da bai iya komai ba sai miƙo kwano.

Sana'arta daddawa, ita kuwa kalwa ba ta dahuwa da garaje. Wannan tukunya ce kaɗai ta isa ta zaunar da Iya. Bayan isha'i sai ta jawo kujerar tsugunno bakin murhu tana iza wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Hasken yakan doke ta daga ƙasa, ya kama haɓa da ƙasan hanci, goshi kuma ya shige duhu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan ta tsinke igiya, wa zai tare?" Mu kuma mu haɗa baki, "Mun tare!"

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta tafki mai riƙe fuska. Wai a wani gari akwai tafkin da in ka zauna bakinsa har ruwan ya kwanta, zai ɗauki fuskarka ya ajiye, ko bayan ranka ana iya zuwa a gani. Masu hali suka dinga zuwa da laima suna wuni. Malalatan gari ma, da yake ba abin da ke jiransu, duk suka bar fuskokinsu. Akwai wata mata mai 'ya'ya da yawa da kullum sai ta je tafkin, amma ɗiban ruwa ke kai ta. Tana isa za ta tsoma tulu, ruwan ya yamutse, ta juya gida. Da ta rasu 'ya'yanta suka je neman ta. Suka zaga tafki kaf, ga fuskar kowane ragon gari tana yi musu murmushi, ta uwarsu babu. Suna cikin kuka wani tsohon kwaɗo ya ɗago kai ya ce su koma gida su hura wuta a murhunta, su zauna su dubi juna. Da suka yi haka, sai ga goshinta a kan wannan, wushiryarta a bakin wancan, hararta a idon auta.

"Iya, ai tafkin nan azzalumi ne," na ce, don na ji haushi sosai.

"To angon ƙarya, je ka kai shi ƙara," in ji ta. "Ni dai nan na ɗaure ta, mai so ya kwance gobe."

Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar ta hoto. Ranar kasuwa aka shigo da mai hoto gida, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake cusa kai ciki. Ya jera mu, ya ce kada wanda ya motsa. Daidai lokacin akuya ta tsoma baki cikin kalwar da aka shanya. Da hoto ya fito, kowa tsaf, Iya kuwa zane da ɗankwali ne kawai, wajen fuska wani hayaƙi. Ta duba ta ce ta ma fi kyau haka.

Zanen da nake yi da gawayin murhunta a bango, ina shan zagi, shi ya zama abincina. Na koyar da shi a kwaleji, daga baya aka turo ni Kuala Lumpur ƙarin karatu, ni da matata Hadiza, muka kama gida a wani dogon bene a Pantai Dalam. Bincikena a kan masu zanen Turai ne da yadda hoto ya zo ya karɓe musu ciniki. Kafin hoto, sai mai hali ake zana wa fuska, ya yi ta zaman kujera mai zane yana kallonsa. Da akwatin hoto ya fito, shi ma da fari sai an daɗe a zaune, har ƙarfe suke kafa wa mutum a ƙeya don kada ya motsa. In aka ɗauki titi mai cike da jama'a, sai ya fito fayau, don duk mai tafiya ba ya kamuwa. Ranar da na fara karanta wannan dariya na yi ni kaɗai, na ce ashe Turawa ma sun haƙa tafkin Iya.

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida. In Hadiza ta ce, "Ka biya mamak ka yi mana tapau, lah, na gaji da girki," wato, a bakin mutanen garin, in je gidan abinci a ƙunso mana, sai in saka takunkumi in bi titin da ko kare babu, jirgin ƙasa na LRT yana wucewa ta sama ba kowa a ciki. Garin ya koma irin waɗancan tsofaffin hotuna, ni kuma ina tafe a ciki.

Cikin wannan kulle Iya ta rasu. Tsufa ne, ba cutar ba. An rufe iyaka, ba jirgi, gaisuwar ma ta waya na karɓa.

Bayan sadakar bakwai Umma, mahaifiyata, ta kira. Umma ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Mijin Iya" take ce mini, in muna magana tana duban gefe, ni ina duban ƙasa. Haka muka rayu, ban kuma taɓa jin wani abu ya ragu ba, tunda ina da Iya.

"Mijin Iya," ta ce, "yara sun duba, ba ta da hoto sai mai hayaƙin nan. Tunda zanen ne ya kai ka bangon duniya, ko za ka ɗan yi mana ita?"

Tunda nake, wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙo na. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Cika baki! Na ɓata takardu har Hadiza ta daina tambaya. Ina jin muryar Iya raɗau, ina jin warin kalwa, amma da na ɗora gawayi sai wata baƙuwar tsohuwa ta fito. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Matar da ta goya ni tana zame mini, Umma kuma tana can tana jira.

Wata rana ina duba wani tsohon zane na mace zaune gaban kyandir, rabin fuskarta cikin duhu, sai na gane inda na ɓata. Fuskar rana nake ta nema, alhali da rana ƙeyar Iya kawai na sani. Kwaɗon nan kuma ya faɗo mini a rai. Na sa ƙanwata ta shirya mana kiran bidiyo da asubarsu, lokacin da Umma take hura wutar koko a madafin Iya. A nan Kuala Lumpur rana ta take, sai na ja labule.

"Umma, ki ɗan zauna kusa da wutar, ki dubo wayar."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Haske nake son gani."

Ta zauna, tana ta gyara mayafi, tana iza itacen da ba ya buƙatar izawa. Ta dubi tukunya, ta dubi ƙofa, ko'ina ban da ni. Can na ce, "Ga ta nan ta tsinke igiya." Ban san ma zan faɗa ba. Ta ɗago da sauri ta dube ni, daidai nan kuma sabis ya ɗauke, hoton ya tsaya cak.

Wuta ta kama haɓa da ƙasan hanci, goshi cikin duhu, gira ɗaya ta ɗan ɗaga. Iya ce sak. Kuma Umma ce, da furfurar da ban san ta yi ba, tana kallona ido cikin ido, abin da ba mu taɓa yi ba. Na ja gawayi, ina addu'a a raina kada sabis ɗin ya yi saurin dawowa.

Da na tura zanen, saƙon murya Umma ta aiko. Kukan zakara na fara ji a bayanta. Sannan ta ce, "Ita ce. Har hararar. Allah Ya yi maka albarka."

Ina yaro na ɗauka labarin zaluncin tafki ne Iya take ba mu. Sai da na zauna a ɗakin da ke nesa da kowa nawa na gane aike na take yi, wajen wadda ta haife ni. Ƙanwata ta ce an wanke zanen an rataye a ɗakin Umma, duk wanda ya shigo sai ya yi wa Iya addu'a. Ban gaya wa kowa wadda na zana ba. Na asalin yana nan jingine a kan teburina, kuma duk tsawon kullen nan, kullum da safe kafin in duba ko an buɗe iyaka, sai na tsaya na dubi uwata son raina.