Saƙon da Aka Ba Ni Zuwa Ga Kofur Idi

Wallahi abin nan da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, ni dai ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Shekarun baya ne, lokacin da ba a bin hanyar Birnin Gwari sai da rakiya, na samu aiki da wasu likitoci masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwar sojoji, irin rashin barcin nan da firgita da ke bin mutum bayan artabu. Ni ba likita ba ne, nawa kawai in zauna da soja in saurare shi da Hausa. Aka sauke mu a wani sansani bakin daji wajen Dogon Dawa, aka ba ni benci a gindin ɗorawa. Dokar aikin har rantsuwa muka yi a kanta: ba ka tambayar suna, kuma wanda ya faɗa maka magana ba ka tona shi, ko da abin ya kai ga sai an ceci rai. Don soja in ya san oga zai ji, ko kansa na tafasa "lafiya lau" zai ce maka.

Ran nan bayan azahar, rana ƙwal, ina gyangyaɗi, sai na ɗaga kai na ga mutum zaune a ƙarshen bencin, alhali busasshen ganye ne ko'ina, ko kaza ta wuce sai ka ji. Dogo ne baƙi, Hausarsa da ɗan karin Gwari. Na lura takalminsa na hagu da shuɗiyar igiya ya ɗaure shi, irin wadda Fulani ke ɗaure maruƙa, ni kuma da shegen baki na ce, "Oga, gwamnati igiyar takalmi ma ta gagare ta?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ni tawa ta wuce, don Kofur Idi na zo." Ya ce Idi ya ba da rediyonsa da bargonsa, ya kira mahaifiyarsa ya nemi gafara, kuma yanzu haka yana bayan tankin ruwa shi kaɗai, in na bari aka yi la'asar ba zan same shi da rai ba. Ya ƙara da cewa, "Ka ce masa ba shi ya bar ni ba, ni na ce ya tafi." Na sunkuya in zura takalmina, kafin in ɗago babu kowa. Ko a jikina, na ɗauka saurin soja ne.

Na ruga wajen babbansu, wani hafsa mai jan ido, na gaya masa. Mutumin nan ya dube ni sheƙeƙe ya ce a sansaninsa babu rago, wa ya gaya mini wannan? Na ce, "Yallaɓai, ba zan faɗa ba." Ya buga tebur, wai mu 'yan bincike mun zo lalata masa yara, in ban faɗa ba yau zai sa a ajiye ni bakin titi babu rakiya. Ku da kuka san hanyar nan kun san me hakan ke nufi. Raina ya ɓaci, na ce, "Ka ajiye ni, yallaɓai, amma sai na je bayan tankin nan tukuna. In yaron nan ya mutu, kai za ka gaya wa uwarsa babu rago." Na juya na fice, yana ta kirana ban waiwayo ba.

Na samu Idi kuwa, a zaune a ƙasa, idanunsa sun yi zuru-zuru, kana ganinsa ka san ya gama shawara. Na yi sallama, na zauna kusa da shi na isar da saƙon yadda aka ba ni. Jama'a! Idi ya damƙi hannuna kamar zai karya, ya ce wa ya ce haka? Na ce suna dai ban sani ba, ba ma tambaya, amma dogo ne, da shuɗiyar igiya a takalmin hagu.

Sai ya fashe da kuka irin na yaro. Ya ce Bulus ne, abokin tafiyarsa, tun damina aka harbe shi a cikin daji, Idi ya goya shi har ya gaji, Bulus ya ce sauke ni ka tafi, can ya rasu. Igiyar kuwa shi Idi da hannunsa ya tsinto ta a wata tsohuwar ruga ya ɗaura masa da safen ranar, kuma maganar "ka tafi" bai taɓa gaya wa mahaluki ba. Na kalli gindin ɗorawar nan, benci ne kawai. Muna nan zaune aka kira la'asar, na riƙo shi muka je muka yi alwala tare, daga nan na danƙa shi hannun likita.

Da na ba likitocin labari, wai gajiya ce, wai na ji zancen a wani wuri na manta, har da cewa ni ma in hau bencin a saurare ni. Na ce to, ku rubuta gajiya, amma ku gaya mini gajiyar da ta san igiyar takalmi. Hafsan nan ma bai kore ni ba, sai dai har muka bar wurin bai ƙara haɗa ido da ni ba, kuma wata safiya na hango shi tsaye yana kallon bencin.

Idi yana nan da ransa, ya bar aiki yana noman masara, ɗansa na fari ma da Bulus ake tsokanarsa. Ni kuwa har yau in na ga shuɗiyar igiya a kasuwar dabbobi sai gabana ya faɗi.

Don Allah, in kuka ga naku ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba tafiya zai yi ba, ku je ku zauna kusa da shi, ku kai shi asibiti ko duk gari za su ce rago ne. Kada ku jira a aiko muku. Idi ya samu wanda ya taso daga daji dominsa, naku wataƙila ku kaɗai gare shi.