Garin Tsofaffi a Tsakiyar Masara

Ranar Litinin ta farko bayan Babbar Sallah, ina da shekara tara, wata doguwar motar makaranta ruwan ɗorawa ta tsaya a ƙofar gidanmu a wani ɗan ƙaramin gari na Amurka. Muka shiga ni da ƙannena biyu, muka tarar kujerun fayau, sai 'yan yara kaɗan a can baya. Direban, wani tsoho mai farin gemu, ya yi ta murmushi kamar an yi masa kyauta. Mu da muka taso a Hindawiyya, unguwarmu ta Jidda, inda sai ka ture yara kafin ka kai wurin mai burodi, abin ya ɗaure mana kai.

Baba ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Jidda ne, aka tura shi kwas a wani birni da ke kusa da wannan ɗan garin, ya samo mana gida a garin. Titi ɗaya ne mai kwalta, da coci, da gidan mai, da gidan waya, sauran duk gonakin masara da waken soya har iyakar ganinka. Mutanen Turawa ne manoma, yawancinsu tsofaffi, 'ya'yansu sun tafi birane neman aiki. Ba sa kulle ƙofa, ba sa ɗaga murya, in ka wuce sai su ɗaga maka hannu daga cikin mota. Lokacin sanyi muna kwashe dusar ƙanƙara da shebur har yatsunmu su sandare, da rani kuma mu tsinto wa maƙwabciyarmu Marta ƙwai a akurkinta, mu yi ɓuya cikin masarar da ta fi Baba tsawo. Marta tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ita ke dafa abincin makaranta. A bakinta muka ji cewa an so rufe makarantar saboda ƙarancin yara, zuwanmu ne ya sa aka dakata.

Ummi, mahaifiyarmu, ita ce ba ta ji daɗin garin ba. Ba ta jin Turanci, ba kiran salla, ba mai leƙowa ta ce a sam mata gishiri. In mun dawo sai mu tarar ta dafa shinkafar da ta ishi gida uku, ta zauna kusa da tukunyar. "Ya jama'a, mutanen garin nan ina suke?" abin da take yawan faɗa ke nan. Ta rame, barci ya ƙaurace mata. Da sanyi na biyu ya kama, ta dubi Baba ta ce, "Halas, ya isa haka, Abu Hauwa. Ka ƙarasa karatunka, ni da yara za mu gida."

Marta ta zo da kek ɗin tuffa, ta sa ni tafinta. "Ki ce wa mahaifiyarki ta ƙara haƙuri zuwa rani. In kun tafi, makarantar ta tafi." Na fassara. Ummi ta riƙe hannunta, su biyun suka yi ta hawaye, amma ba ta sauya magana ba. Muka koma Jidda. Da Baba ya gama kwas ya dawo, ya ce an rufe makarantar, yaran da suka rage ana kai su wani gari mai nisa.

Yanzu na haura arba'in. An rushe lungunmu na Hindawiyya, maƙwabtanmu sun watse, wasu ko lambarsu ba ni da ita. Ni da Ummi muna zaune a wani bene a gefen Jidda, ina dawowa daga aiki a gajiye, 'ya'yana sai Larabci, Hausar ma da ƙyar. Ban san gari ma yana tsufa ba sai da biyu suka tsufa a idona.