Ranar da Gib Ya Tafi Neman Daji

Yayana Gib Hyslop ya kwashe rayuwarsa yana zagin itatuwa, alhali shi ya dasa su da hannunsa. Lokacin da aka sayar da tudun da mahaifinmu ke kiwon tumaki a kai, Gib yana saurayi, kuma babu wani aiki a kwarinmu na Galloway sai na masu shuka daji. Ya ɗauki shebur ya bi sahu. Da rana ya dasa, da yamma ya dawo gida ya yi ta tsine musu. Su kuwa itatuwan ko a jikinsu, suka yi ta girma har suka rufe gefen tudun gaba ɗaya, baƙi ƙirin, ko tsuntsun kirki ba ya shiga.

Bai taɓa barin kwarin ba. Ya yi gyaran katangar dutse, ya yi tuƙin motar katako, ya auri Nan, suka haifi Rhona, Nan ta rasu. Da nawa mijin ya bi ta, na tattara komatsaina na dawo gidanmu na haihuwa, muka zauna mu biyu muna faɗa a kan gishirin kunu. Abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba: duk Lahadi, mutane suna tafiya coci, Gib yana ɗaure takalmi ya hau tudu. Fasto ya taɓa yi masa magana, ya ce ai shi a can ya fi kusa da sama. Hanyarsa ɗaya ce. Ya bi katangar dutse har inda ta ƙare, ya riƙe gefen daji a hannun hagu har ƙololuwa, ya ci burodi da cuku, ya sauko. A bayan dajin akwai fadamar da muke kira Baƙin Taɓo, wadda ta haɗiye tumaki ba adadi har da tarakta guda, amma itatuwan sun daɗe da shiga tsakaninta da masu tafiya, har mun kusa mantawa tana nan.

Rhona nas ce a garin Dumfries. Tana son ubanta, amma irin son nan mai zuwa da tsari. Tuni ta gyara masa ɗaki a benen da take zaune, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci, kuma ta faɗa mana ƙarara cewa ranar da ta ga Baba ba zai iya da kansa ba, ranar za ta ɗauke shi. Gib ya ce sai dai ta ɗauki gawarsa. Muka yi dariya, amma ni na san ba wasa yake ba, ita ma na san ba wasa take ba.

A sanyin bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun kafin Kirsimeti har ƙanƙara ta narke. A cikin wannan tsakanin ne masu katako suka zo da injinansu suka aske tudun tas. Yana kwance yana jin ƙararsu yana ƙara musu zagi. Babu wanda ya zauna ya ba shi labarin iyakar abin da aka sare, don me za a ba shi? Daga tagar kicin ɗinmu ana ganin tudun tsirara, kututture da tarin rassa har sama.

Lahadin farko da ya samu ƙarfi, na sauko na tarar da shi yana ɗaure takalmi.

"Yaya, da wannan ƙirjin naka mai kukan tsohuwar buta za ka hau?"

"Ke dai zuba min shayi a filas, ban tambaye ki ba."

"Iska fa ake yi."

"Zan laɓe a gefen daji, ba za ta same ni ba."

Na ɗauka baƙar maganarsa ce ta kullum. Na miƙa masa filas ɗin ina dariya na ce ya gaishe min da dajin, ya ce zai ji, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Na gama gyaran ɗaki, na saka miya a wuta, ina wanke-wanke ina kallon tudun ta taga, sai maganar ta dawo min. Gib idan zai yi ba'a bakinsa yakan karkace gefe ɗaya, yau kuwa bai karkace ba. Hannuna yana cikin ruwan kumfa abubuwa suka fara haɗuwa a kaina. Ya daina karanta jarida, wai duk ƙarya ce. Ya jingine mota, wai mai ya yi tsada. Idan zai zuba shayi sai ya sa ɗan yatsa a bakin kofi, ni kuma ina ta yi masa faɗan ƙazanta. Ranar da na matsar da kujera daga inda take, ya balbale ni da masifa kamar na sayar da gidan. Mutumin nan ba ya gani. Ban san tun yaushe ba, amma da kunne da sanda yake hawan tudun, da kukan iska a cikin itatuwan da ke hagunsa, kuma yau ya tafi neman dajin da babu shi.

Na ɗauki waya, na san sarai abin da kiran Rhona zai jawo, amma na kuma san a kan tudun waya ba ta kamawa, idan ni ma na faɗi babu wanda ya san inda muke. Ba ta ɗauka ba. Na bar mata saƙo cewa babanta yana kan tudu, hankalina bai kwanta ba, ta zo. Maganar ido ban furta ta ba. Na zura takalmi na fita ko murhun ban tuna na kashe ba.

Gwiwata ta dama ta daɗe da yin ritaya, amma ranar ban saurare ta ba. Na bi katangar ina haki har inda ta ƙare. Nan na ga sawunsa a laka, ya karkata hagu, ya ƙara karkata hagu, ya shige cikin saran. Wanda bai taɓa shiga inda aka sare daji ba, ba zai gane ba. Babu inda za ka aje ƙafa tsakani da Allah. Rassa a jibge kan ramukan ruwa, ka taka ka zurma, kututture na jiran ƙaurinka, ga ƙamshin ƙaro mai hawa kai. Ni mai ido biyu na faɗi har na gaji da tashi. Ina ta kiran sunansa iska tana mayar min da shi baki. A jikin wani reshe na ga filas ɗinsa a rataye da igiyarsa, gaba kaɗan na ga jini a kan sabon sara, ba mai yawa ba, amma ya ishe ni.

Da na fito ɗaya gefen sai ga Baƙin Taɓo shimfiɗe a gabana, ga kuma Gib a cikinsa. Ya yi nisa da baki. Yana tsaye a kan wani ɗan tudun ciyawa da bai fi faifai ba, babu sanda a hannunsa, ya karkata kai yana saurare. Ko'ina kewaye da shi kore ne shar. Duk ɗan kwarin nan ya san ƙa'idar tun yana rarrafe: jar ciyawa mai tauri ita ke ɗaukar mutum, koren nan mai kyau kamar darduma kuwa ruwa ne da gansakuka a sama, ƙarƙashinsa babu ƙasa. Yadda ya kai wurin bai nutse ba, Allah kaɗai ya sani. Ina kallo ya ɗaga ƙafa.

"Gib! Tsaya! Kada ka motsa!"

Ya mayar da ƙafar. Ya juyo da fuska wajen da ba nan nake ba.

"Elspeth? Me ya fito da ke? Wa ya bar miki gidan?"

"Tsaya inda kake, na ce!"

"Shan iska nake yi. Mutum ba zai sha iska ba sai an biyo shi kamar ɗan akuya?"

Na matso iyakar inda ƙasa ke ɗaukata. Na daidaita murya.

"To, shan iska ya isa. Ka tako kan jar ciyawar can ka fito."

Ya juya kai dama da hagu, bai ɗaga ƙafa ba.

"Wacce kake gani, Yaya? Ta dama ko ta hagu?"

Iska ta yi ta kaɗa masa rigar ruwa. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Ina suka kai itatuwan, Elspeth? Na ɗauka bakin dajin kawai suka ci. Na ce in na ƙara gaba zan tarar da su."

"Babu su. Ko ɗaya."

"Ba wanda ya gaya min."

"Ba wanda ya san sai an gaya maka, tsohon banza!"

Na fashe da kuka ina zaginsa, shi kuma yana tsaye yana karɓa, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Da na share fuska na ce ya juyo wajen muryata. Na dinga gaya masa: dama kaɗan, dogon taki, tsaya, haɗa ƙafa. Ya bi kamar yaron kirki. Ƙasar tana rawa a ƙarƙashinsa duk inda ya sauka, ni kuma numfashina yana tsayawa har sai na ga ta riƙe shi. Saura kaɗan ya iso aka zo wani wuri mai faɗi, na ce ya yi tsalle da duk ƙarfinsa. Ƙarfin mutumin da ya sha jinya ne. Ya faɗa tsakiyar koren, kafin in yi ihu ya shige har ƙugu.

"Kada ka yi kokawa da shi! Kwanta baya, buɗe hannuwa!"

"Na sani, ke! Ni na koya miki!"

Ya kwanta. Na koma da gudu bakin saran na jawo wani dogon reshe da ban san ina da ƙarfin ɗaga shi ba, na kwanta rub da ciki a cikin ruwan sanyi na tura masa. Ya lalubo ya rasa, ya sake lalubowa, ruwan ya kai masa haƙarƙari. Na buga masa reshen a ƙirji da gangan, ya cafke. Na ja, taɓon ya ja. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai san hannuwana sun daina jin komai. Sai wani sauti ya fito kamar an zare ƙafa daga turmin kunu, Gib ya taho a kan cikinsa, takalmi ɗaya ya bar wa taɓon.

Muka kewaye saran ta hanyar motocin katako, yana riƙe da gwiwar hannuna, haƙoransa na haɗuwa. Da jini ya fara dawo masa sai baki ya buɗe. Ya ce abin ya fara ne tun kafin Nan ta rasu, kamar hayaƙi a tsakiyar ido, yanzu haske da duhu kawai yake bambantawa. Ya ce ai babu wata matsala, Lahadi mai zuwa sai mu hau tare, in nuna masa sabuwar hanya sau ɗaya ko biyu, ƙafarsa za ta haddace.

"Rhona dai kada ta ji. Kin ji ko, Elspeth? A ɗakin nan nata mutuwa zan yi a tsaye."

A lokacin mun riga mun karyo kwanar katanga, kuma ga jar motar Rhona a tsakar gidanmu. Ya ji hannuna ya ƙage.

"Wane ne?"

"Ita ce. Ni na kira ta. Amma ban gaya mata ba."

Ya tsaya cak. Na jira zagi, bai zo ba. Ya saki hannuna, ya gyara hularsa, ya miƙe ƙirji.

"Ƙofar shinge a buɗe take?"

"A buɗe."

"To, ki biyo ni a baya. Zamewa na yi a taɓo, kowa na zamewa."

Ya tafi shi kaɗai, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, kansa a sama, yana taka tsakar gidan da aka haife shi a ciki ba tare da ya laluba komai ba. Tausayi da alfahari suka cika min ƙirji lokaci guda. Motar tana daidai kan hanyarsa, sai na ɗaga murya kamar mai mita:

"Yarinyar nan da ajiye mota! Ta zo ta tare mana gaban ƙofa, sai mutum ya ratsa ta dama!"

Ya ratsa ta dama cikin natsuwa, har da ɗan tsaki. Sai a lokacin na ga Rhona. Tana tsaye a bayan motar, takalmin hawan tudu ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, da alama shirin bin mu take. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga inda idanunsa ke kallo, ta fasa. Na ja numfashi zan ambaci sunanta, ta ɗaga min hannu, idonta a kan ubanta. Nas ce, ba a yi mata irin wannan wasan.

Gib ya wuce ta gabanta, kafaɗarsa ta kusa gogar tata, yana murmushin da ya tanadar mata, yana kai shi wajen ƙofar kicin inda yake zaton tana tsaye.

"Baba," ta ce a hankali, daga bayansa.

Ya tsaya. Bai juyo ba. Ruwan taɓo yana ɗiga daga wandonsa a kan dutsen bakin ƙofa. Can ya miƙa hannu, a gaban idonmu duka, ya lalubi bango har ya samu marikin ƙofar.

"Ki bari in sha shayi tukuna," ya ce, "sannan ki haɗa kayana."