Zaren da Goggo Adi Ta Ajiye wa Kanta

Da an idar da sallar asuba, Goggo Adi za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta a nan cikin Mubi, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Haka maƙwabta suka taso suka gan ta. Masaƙa sun yi suna da zarenta, mata sun yi ado da zannuwan, ita kuwa ko sunanta ba a ambata. To yau sai mun ambata.

Bana hannunta ya fara rawa, har ta ce ta ajiye kaɗi. Ana cikin haka sai ga wata mata, Susana, daga Kwaja, da ƙunshin auduga a ka. Mahaifinta, Baba Ezekiya, yana kwance, jiki ya ƙi. Shi ya shuka audugar a bayan gida, kuma abu ɗaya ya roƙi 'ya'yansa: ranar da ta Allah ta kasance, a naɗe shi da zanen da aka kaɗa da hannu aka saƙa da hannu, yadda aka yi wa mahaifinsa.

"Goggo, mun zaga har Belel, ba mai kaɗi," in ji Susana. "Kowa ya ce sai ke."

"'Yar nan, kin dai ga hannun?"

"Na gani. Baba ya ce ko yana rawa, naki yake so."

Wallahi Goggo ta ji tsoro, amma ta karɓa. Ta gurza audugar ta fid da 'ya'yan, ta shiɓe ta, ta zauna. Zaren da a da yake fita sumul, yanzu sai ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Audugar ba ta da yawa, ga ta tana ƙarewa a ɓarna. Duk sanda wayar gidan ta yi ƙara sai ta saki mazari tana sauraro, ko daga Kwaja ne. Abinci ma sai an yi da gaske take ci.

Da ta gama, Mu'azu masaƙi ya zo ya jinjina zaren a hannu, ya girgiza kai.

"Goggo, ba zai kai ba. Mu cika da na kanti, wa zai sani?"

"Kai Mu'azu, ji tsoron Allah! Mutumin da ya tsufa cikin auduga za ka yi wa wayo yana kwance?"

Ta shige ɗaki, ta jawo adudu daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani zare fari tas, siriri, wanda ta kaɗa tun hannunta na da ƙarfi. Kowa a gidan ya san na mene ne. Na likkafaninta ne.

Mu'azu ya ce, "Haba Goggo, wannan ai naki ne na..."

"Ɗauki ka tafi. Mutum na can yana jira."

Allah ya sa zanen ya iske Baba Ezekiya da ransa. Susana ce ta ba mu labari. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya bi zanen da yatsu, a hankali. Ya ce, "Nan hannun tsohuwa ne, ga ƙulli, ga ƙulli." Da ya iso ɗaya gefen sai ya tsaya. "Nan kuwa hannun Adi ne na da. Ina ta samo shi?" Susana ta gaya masa. Tsohon ya rungume zanen, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "To ita wa zai kaɗa mata nata?"

Goggo Adi, ke ce kika kwantar da hankalin mai jinya da abin da kika tanada don ranarki. Ke ce ba ki tambayi ina yake ibada ba, nawa zaren ya rage kawai kika tambaya. Uwar mazari, mun gode. Allah ya saka miki, ya ƙara miki lafiya.

Amma godiya ba ta isa ba, jama'a, kuma hankalinmu bai kwanta ba. Hannun Goggo yanzu ko ƙoƙo ba ya riƙewa da kyau. Susana kaɗai ke zuwa ranar kasuwa tana koyo, zarenta na fita kamar igiyar ɗaure akuya, Goggo na dariya tana cewa, "Da wannan za ki naɗe ni? Ai sai in tashi in gudu!" Dariya take yi, mu kuwa tsoro muke ji. Duk mai yatsu da ɗan lokaci, ya zo ya zauna a tabarmar nan tun tana iya nunawa. Adudun da ke ƙarƙashin gadonta har yau ba komai a ciki.